Daren da Hita ta Mutu a Ƙurewar Sikotland

'Yar uwa, in kin taɓa kwana da yaro mai sikila a cikin hunturu, kin san irin barcin da uwa take yi: ido a rufe, kunne a buɗe. Shi ya sa duk cikinmu ni na fara jin shirun. Wajen ƙarfe uku na dare ne, gurnanin hita da muka kwanta da shi ya ɗauke. Na miƙa hannu na danna makunnin fitila, ta yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ita ma ta ɗauke. Iska na jijjiga motar, teku na dukan duwatsu a ƙasanmu, babban asibitin yankin kuwa yana can Inverness, tafiyar kusan mil 100, a hanyar da mai yawa daga cikinta mota ɗaya kawai take ɗauka.

Bari in koma baya ki ji abin da ya kai mu.

Shekara biyar ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a Mancesta. Akwai wata dattijuwar Baturiya da muke aiki tare, tana da mota mai ɗaki. Girmanta kamar bas ɗin haya ta tasha, amma an cire kujerun baya an sa gado, da ɗan murhun gas, da firji, da famfo, da kabad. Rufinta ana ɗaga shi sama ya zama wani gadon. Mutanen nan wannan shi ne hutu a wurinsu, mutum ya kulle gidansa mai ɗaki huɗu ya tafi daji ya kwana a mota. Na daɗe ina yi mata dariya, har ranar da ta miƙo min makulli ta ce in kai yara su ga ƙasa a hutun makaranta na ƙarshen Oktoba. Maigida ya amince tun kafin in rufe baki. Ni ce na yi ta jan ƙafa saboda autana, ɗan shekara shida, wanda sanyi ke tayar masa da ciwo.

Na yi shiri irin na ma'aikaciyar jinya. Magungunansa na kullum, da na kashe zafi, da ma'aunin zafin jiki, da takardar likitansa, da jakar ruwan zafi ta roba, da barguna har maigida yana tambaya ko ƙaura za mu yi. Hita ma na gwada ta a ƙofar gidan matar, na zauna minti ashirin har na yi gumi. Abin da ban lura ba shi ne a lokacin motar a jone take da wutar gida. Ki riƙe wannan, don a nan na yi kuskuren.

Hanyar da muka bi sananniya ce. Tana tashi daga Inverness ta zagaye arewacin Sikotland ta bakin teku ta dawo, mil 516, kuma tun 2015 aka fara tallata ta ga masu yawon buɗe ido. Mun bi ta gabas, muka tsaya a John o' Groats yara suka yi hoto a jikin allon nan mai nuna nisan birane, muka wuce Thurso. Daga nan ne ƙasar take canza fuska. Bishiyoyi su ƙare, gidaje su ƙare, sai tsaunuka masu jan ciyawa da tafkuna baƙaƙe kamar an zuba tawada. Kwalta ta tsuke ta zama ta mota ɗaya, an yi mata 'yan aljihuna a gefe inda za ki raɓe mai zuwa ya wuce, kuma dole ki ɗaga masa hannu, in ba haka ba kin yi rashin ladabi. Tumaki su ne masu hanya. Suna kwance a tsakiyar titi suna tuƙa, sai sun ga dama suke tashi. Shanunsu kuwa gashi har ya rufe musu ido, ƙaho irin na shanunmu amma jiki kamar an lulluɓa musu tsohon bargo.

Shirun wurin yana da tarihi. A kwarin Strathnaver, kusa da Bettyhill, a 1814 da 1819 an kori manoma daga gonakinsu, an ƙona gidaje, don masu ƙasa su zuba tumaki. Wasu aka tura su bakin teku, wasu suka haye Kanada. Da na yi wa babbar 'yata wannan bayani sai ta dubi tumakin ta taga ta ce, "Umma, ashe jikokin waɗanda suka ci gado ne."

Kwana biyun farko mun sauka a manyan zango, inda ake ba ki igiyar wuta ki jona mota kamar kina gida. Komai lafiya lau. Rana ta uku muka zagaye Loch Eriboll muka isa Durness, ƙauye na ƙarshe a kusurwar arewa maso yamma. Muka shiga kogon Smoo, wanda teku ta ci bakinsa, ruwa kuma yake zubowa daga rufinsa ta ciki da ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Yara suka yi gudu a farin yashi sanye da rigunan sanyi. Da yamma muka samu wuri a filin wani manomi da ke karɓar motoci uku ko huɗu, akwai famfo, babu wutar jonawa. Ɗan allon da ke jikin bango ya nuna batir a cike. Na yarda da shi, muka ci taliya, muka kwanta.

To, mu dawo ƙarfe uku na dare.

Maigida ya ce a kunna murhun gas a bar shi yana ci ya ɗumama ɗakin. Na ce, "Abban yara, ko kusa." Wuta a rufaffen wuri tana fitar da iskar da ba a gani, ba a jin warinta, ita ce take kwantar da iyali guda a ɗakin da aka shiga da gawayi ko janareto, a wayi gari ba wanda ya tashi. Na yarda da tafasa buta ɗaya kawai, ƙofa a buɗe, na cika jakar ruwan zafi na naɗe ta da tawul na sa wa yaron a ƙafa, na ba shi ruwa mai ɗumi ya sha.

Sai maigida ya murza makulli, inji ya tashi da bugu ɗaya. Na yi mamaki, don a zatona batir ya mutu. Ashe irin wannan mota batura iri biyu take da su. Akwai na gaba, na tayar da inji, wanda aikinsa ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi ya huta. Akwai na ɗaki, wanda yake ba da wuta kaɗan-kaɗan dare guda, shi ke riƙe da fitila da firji da famfo da hita. Hitar da man dizal take aiki, amma fankarta da famfon manta da abin kunna ta duk wuta suke ci, kuma da zarar wutar ta yi ƙasa sai ta kashe kanta. Tsakanin baturan akwai wata 'yar na'ura mai haɗa su in inji yana aiki don su sha caji tare, ta raba su in an kashe, don kada ki kwana kina kallon fitila ki tashi mota ta ƙi tashi.

Da inji ya tashi fitilu suka dawo, hita ta kama, muka yi hamdala. Ba a yi minti arba'in ba sai 'yata ta toshe hanci. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, daga ƙarƙashin kujera. Muka ɗaga, sai ga baturan ɗaki guda biyu a jere. Na taɓa ɗaya, sanyi ƙalau. Na taɓa ɗayan na janye hannu, zafi kamar goshin mai zazzaɓi, gefensa ya ɗan kumbura. Ban san kan batir ba a lokacin, amma na san abin da ya yi zafi ya kumbura yana wari ba a ci gaba da ɗura masa komai. Muka kashe inji, muka buɗe ƙofofi duka, ɗan ɗumin da muka tara ya fice. Daga baya na fahimci batirin da yake tafasa haka yana fitar da iska mai kamawa da wuta, ƙyastu ɗaya ya ishe ta.

Sauran daren a gado ɗaya muka yi shi mu huɗu, yaron a tsakiya, barguna duka a kanmu. Wajen ƙarfe biyar ya ce, "Umma, ƙafata." Ke da kika san wannan kalma ba sai na faɗa miki yadda cikina ya ɗuri ruwa ba. Na ba shi magani, na auna zafin jikinsa, 37.1. Na yanke a raina in ya kai 38, ko ya ce ƙirji, ko numfashinsa ya canza, 999 zan kira, ko da sai na hau tudu neman sabis. Ina murza masa ƙafar ina ƙirga numfashinsa har ya koma barci. A can ƙarshen Oktoba rana ba ta fitowa sai bayan takwas. Ban taɓa ganin asubar da ta yi nisa kamar wannan ba.

Gari na wayewa sai ga mai filin a kan babur mai ƙafa huɗu, karensa a baya. Dattijo ne, ya haura saba'in. Da ya ji akwai yaro mara lafiya bai tsaya jin sauran ba, ya kwashi yaran ya kai wa matarsa gaban murhu, ya dawo da sifana da wata 'yar mita mai igiya biyu, ja da baƙa. Maigida ya miƙa hannu, dattijon ya ce wane ne mai aikin asibiti a cikinku. Ni ya miƙa wa. Ya ce wanda ya iya auna mutum zai iya auna batir.

Kafin in taɓa komai ya sa na cire zobe da awarwaro da agogo. In ƙarfe ya haɗa kan batir mai alamar ƙari da jikin mota, zobe yana yin ja a yatsa kafin ki iya zare shi. Ya sa aka raba wayar farantin sola da ke rufin motar, don kada ta ci gaba da turo wuta. Sannan ya koya min karatun lambobin, kuma ga su nan yadda na rubuta a bayan takardar magani. Batir irin wannan mai dalma da ruwan asid, in ya cika ya huta, yana nuna bolt 12.7 ko kusa. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi, kuma nan ne iyakar da ya kamata a sha shi. In ya yi ƙasa da 12 ana cutar da shi. Namu, a haɗe, 11 da ɗan kai suka nuna.

Na ce, "Baba, ai jiya allon cewa ya yi a cike suke." Ya yi dariya ya ce batirin da aka gama yi wa caji yanzu, ko mushe ne, lamba mai kyau yake nunawa. Sai ya huta 'yan sa'o'i, ko an ɗora masa aiki, gaskiyarsa take fitowa. Nan take na gane, don mu ma haka muke yi. Mara lafiya yana kwance awon jininsa lafiya lau, ki tsayar da shi ki sake aunawa ki ga ya zube. Gwajin da na yi a Mancesta, da kwana biyun da muka yi a jone, duk awon kwance ne. Ban taɓa tsayar da baturan nan da ƙafarsu ba sai a daren da ran ɗana ya dogara da su.

Bai bar ni na yanke hukunci nan da nan ba. Ya ce mutane da yawa suna sayen sabon batir alhali laifin na fiyus ne ko na wayar da ta saki, su sa sabon ya mutu a mako guda. Muka duba kawunan baturan ko akwai farin gari ko kore da ke hana wuta wucewa, muka girgiza wayoyin, muka zaro fiyus ɗin da ke kusa da jan kai muka ga bai ƙone ba. Aka tayar da inji na minti ɗaya, mita ta haura 14. Wannan ya nuna caji yana isowa. Da ta tsaya inda take, da sai mu nemi laifin a fiyus, ko na'urar haɗawar, ko injin cajin motar. Abu na ƙarshe, muka raba baturan biyu. Baƙar waya ake fara kwancewa, sannan ja. Muka sha shayi muka ba su lokaci, na auna kowanne shi kaɗai. Na farko 11.9. Mai zafin nan 10.5.

Wannan lamba ta 10.5 tana da ma'ana. A cikin kowane batir akwai ɗakuna shida, kowanne yana ba da bolt 2.1. In ɗaya ya lalace ya haɗe, saura biyar, lissafi ya ba ki 10.5. Irin wannan ba ya gyaruwa. Caji yana shiga ya zama zafi da wari, kuma in an kashe inji sai ya zauna yana zuƙe ɗan uwansa har su daidaita a ƙasa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Tambarin jikinsu ya ƙarasa labarin: mai lafiyar shekararsa biyu, mataccen ya haura shida. An canza ɗaya an bar ɗaya don tsimi. Ga shi motar takan yi watanni a ajiye ba caji, abin da yake sa wani farin gishiri ya daskare a farantan dalmar ciki, batir ya rage ɗaukar wuta. In kina da inbata a gida mai batura biyu ko huɗu, wannan maganar taki ce: ba a aurar da sabo ga tsoho.

Muka cire mataccen muka ɗaure shi a tsaye cikin kwali, muka naɗe bakin wayoyinsa da salatif, muka mayar da mai sauran numfashin shi kaɗai. Dattijon ya ƙi karɓar ko kwabo. Matarsa ta cika mana leda da burodin da ta gasa, yaron kuwa ya fito yana tsalle yana ba ni labarin kare. Ƙafar ta lafa.

Maimakon mu ci gaba ta yamma sai muka yanke ta tsakiya, ta gefen Loch Shin zuwa Lairg, muka koma Inverness. Kusan awa uku, kuma rabin farko da ƙyar muka haɗu da mota goma. A shagon batura wani saurayi ya so ya sayar min da na litiyom. Gaskiyarsa ne, ya fi sauƙin nauyi, ya fi daɗewa, kuma ana iya shan kusan duk abin da ke cikinsa, ba rabi ba. Amma kuɗinsa ya fi, dole a duba ko na'urorin cajin motar za su dace da shi ko sai an canza su, kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara sai in mai ɗumama kansa ne. Motar aro ce, ba a yi wa kayan aro tiyata. Na kira mai ita, ta yi ta ba da haƙuri har muryarta na rawa, muka shirya a sayi biyu irin na da, masu ɗaukar amfa 100 kowanne, kamfani ɗaya, rana ɗaya, mu raba kuɗin.

A nan na yi lissafin da ya kamata in yi tun a gida. Amfa ita ce girman randa. Biyu sun ba da 200, amma rabi ne namu, wato 100. Hita takan ja kusan 10 na 'yan mintuna in za ta kama, sannan ta koma 1 ko 2 a awa, dare guda dai a ce 20. Firji wajen 30 a yini. Fitilu da famfo da cajin wayoyi a ce 10. Ke nan lafiyayyun batura za su kai mu dare ɗaya da rara mai yawa, dare na biyu kuwa sai an yi tafiya ko an jona. Farantin sola a Oktoban Sikotland ado ne kawai.

Ni na ɗaura su da hannuna a zango, maigida yana ɗagawa, don kowanne ya kai nauyin rabin buhun siminti. Na auna tsawo da faɗin gurbin tun kafin mu saya, na kuma duba ɓangaren da jan kai yake, don in ya juya wayar ba za ta kai ba. Na ɗauki hoton wayoyin kafin in kwance, kuma wannan hoton ya cece ni sau biyu. An zare igiyar wutar zango, inji a kashe, sola a rabe. Wajen ɗaurawa ja ake fara sawa, baƙa ta zo ƙarshe. Dattijon ya koya min wata dabara: jan wayar da ke tafiya ɗaki a ɗauke ta daga batir na farko, baƙar kuma daga na biyu, don su raba aikin daidai. Na ɗaure notina tam, na shafa musu ɗan basilin daga jakar yara don hana tsatsa, na mayar da siririn tiyon da ke fitar da iskar batir zuwa ƙarƙashin mota, na ja bel ɗin da ke riƙe su. Tsofaffin biyu muka mayar shago a sarrafa su. Dalma da asid ne a ciki, ba abin da za a bari a tsakar gida yara suna hawa ba ne.

Washegari muka tafi Ullapool, don kada yammacin ya wuce mu gaba ɗaya. Fararen gidaje a jere a bakin ruwa, da jirgin da ke ɗaukar mutane da motoci zuwa Stornoway yana shigowa a hankali kamar unguwa guda ta taso. Na biya kuɗin wurin da ke da wutar jonawa, amma na bar igiyar a naɗe kusa da ƙofa, inda hannuna zai kai cikin duhu. Maigida ya ce wannan wace irin asara ce. Na ce awon tsaye nake yi.

Sau uku na tashi a daren, da 'yar mitar da na saya a shagon nan. Ƙarfe goma sha biyu 12.6, ƙarfe uku 12.5. Da asuba na kashe hita na jira, ta nuna 12.5 ba ta motsa ba. Na leƙa yaron, ya ture bargo da ƙafa, wuyansa har da ɗan gumi. Na mayar masa da bargon, na kunna famfo, ruwa ya zo, na ɗora buta.